Sunan Ƙaryar Da Baffa Ya Sa A Katin Asibitina

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a shafin nan ba, har wasu na tambaya ko lafiya. Ina nan, kallonku kawai nake yi.

Sati biyu ke nan kuna cacar baki a kan inshorar lafiyar nan ta gwamnati. Wasu sun ce rahama ce, wasu sun ce wayon tatsar talaka ne. Kar ku ɗauka talla na zo yi mata, ni ma ban gama yarda da ita ba. Amma da na ga wani ya rubuta wai ko sunansa ba zai ba su ba, wallahi sai da gabana ya faɗi. Shi ya sa zan faɗi abin da na rufe fiye da shekara hamsin.

Zamanin ana kashe fam da sule ne, ina saurayi a Gafasa. Bayan cirar gyaɗa tari ya kama ni.

Aka jiƙa saiwa, aka sha rubutu, wanzami ya cire min beli. A banza. Kullum da la'asar zazzaɓi, na rame har wando ba ya zama a ƙuguna.

Ranar da na tofar da jini mahaifiyata Inna ta sa kuka, sannan Baffa ya yarda ya kai ni asibitin sha-ka-tafi a Gaya.

Baffa mahaifina mai shanu ne, kuma ba abin da ya tsana kamar mutum da alƙalami. A saninsa, duk wanda ya rubuta sunanka da garinku, to haraji ne ke tafe, ko jangali, kuɗin da ake karɓa a kan shanu.

Malamin asibitin, Malam Isiyaku, ya ɗauko kati ya ce, "Sunan yaron?"

Na buɗe baki zan ce Hamisu, Baffa ya take min ƙafa.

"Garba," in ji shi. "Daga Balan."

Malam ya sa na tofa majina a 'yar kwalba, ya ce Kano za a kai a auna, mu dawo bayan sati biyu. Baffa ya tambayi kuɗi, aka ce kyauta ne, gwamnati ta ɗauka.

To nan fa aka ɓata komai. Muna fita ya ce, "Ka ji ko? Kyauta! Yaushe gwamnati ta fara kyauta? Mu da nan har abada."

Ba mu koma ba.

Daga baya na ji sauran labarin. Sakamako ya fito, tarin tibi ne. Da Malam ya ga shiru, sai ya hau kekensa ya tafi Balan yana cigiyar Garba mai tari. Duk Garban da aka nuna masa garau yake. Ran kasuwar Ajingi ya hango Baffa wajen shanu, ya bi ta bayan fage ya tambayi garinsu.

Lokacin ko buta ba na iya ɗagawa. Tsoro kuwa ba a magana, na riga na fara neman gafarar mutane.

Malam ya shigo Gafasa da hantsi. Maƙwabta suna ganin baƙo da jaka da littafi, kowa ya ce bai san mai tari ba. Haka al'adarmu take, ba ma nuna wa ma'aikaci gidan kowa. Da ƙyar ya gano ƙofarmu.

Ɗakina yana jikin zaure, ina jin komai. Baffa ya ce, "Malam, kowa lafiya lau a gidan nan. Ka yi ɓatan kai."

Malam ya ce, "Baba, ba shanunka na zo gani ba. In yaron nan ya ƙara wata biyu haka, likkafani za ka saya."

Tari ya taso min. Inna ta danna min gefen zaninta a baki don kar a ji, kamar yadda Baffa ya umarce ta. Da ta ɗaga zanin ta ga jini, sai ta miƙe. Matar da ko mai tallan gishiri bai taɓa jin muryarta ba ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, yana ciki. Kuma sunansa Hamisu."

Baffa ya matsa gefe, Malam ya shigo.

Aka kai ni Kano, aka ɗauki hoton ƙirji, na yi wata biyu a kwance. Allura kullum da safe, har zama ya gagare ni. Bayan sallama, ƙwayoyi na shekara ɗaya da rabi. Magani kyauta ne da gaske, amma kuɗin mota da abincin jinya sai da suka ci bijimi guda. Likita ya ce min, "Ranar da ka ji daɗi ka daina sha, ranar ciwon zai dawo da ƙarfinsa." Ban tsallake ko kwana ɗaya ba.

Shi kuwa Baffa, a satin da Malam ya zo ya kora shanunsa wajen surukansa don gudun jangali. Ba wanda ya biyo katin, amma har ya koma ga Allah yana cewa, "Jira suke yi."

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna da Malam Isiyaku. Allah ya jiƙan Baffa, ba ƙina yake yi ba, abin da ya gani a rayuwarsa ne ya tsorata shi.

Shawarata: tarin da ya wuce sati biyu, a je asibiti. Magani a sha shi har ƙarshe. Inshorar nan kuma ku tsare su da tambaya: me ta ɗauka, me ba ta ɗauka ba, wa ke riƙe da kuɗin? Ni ma sai na ji amsa kafin in sa hannu.

Amma in ciwo ya kai ku gaban mai kati, don Allah ku faɗi sunanku na gaskiya da garinku da lambar wayar da ke aiki. Yanzu ba wanda zai hau keke ya bi ku gari-gari, kuma ba kowa ke da Inna a bayan zaure ba.