Malam Zakiyyu, Baban Amarya

A wata sakandare da ke gefen hanyar Manga, idan ka tambayi Malam Zakiyyu sai yara su tsaya tunani. Ka ce Baban Amarya kuwa, nan take za a nuna maka ajinsa. Ga shi bawan Allah 'ya'yansa biyar, duk maza.

A daminarsa ta farko a ƙasar Zuru ya samo sunan. Daga Argungu aka turo shi ya koyar da Hausa, wani ya ara masa 'yar gona a bayan makaranta, ciyawa ta fi ƙarfinsa. Wata Litinin yana bisa keke ya hango manyan samarin ajinsa bakwai sun jera a wata gona, suna noma ba ji ba gani. Washegari ya tambayi babbansu, Sila, nawa ake biyansu. Sila ya ce ba a biya. Malam ya ɗauka gayya ce irin ta gida.

"To madalla," in ji shi a gaban aji. "Assabar ku taho tawa. Kai Sila, kai ka ja gaba."

'Yan matan aji suka kifa kai a benci. Ba wanda ya gaya masa golmo ne ya gani, wato noman da saurayi yake yi wa uban yarinyar da yake nema, shi da abokansa, shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Ranar Asabar suka nome gonar tas kafin azahar. Da la'asar sai ga kawun Sila, tsoho Yari, da zakara a hammata, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce ya zo ne ya ga wadda aka yi wa noman. A gidan kaf daga matar Malam, Asama'u, sai jaririn da take goye da shi. Tsohon ya san haka sarai, fuskar Malam kawai ya zo kallo. Ya kalla ya ƙoshi, ya bar masa zakaran.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Keken ya zama babur, babur ɗin ma sai an tura. Malam ya yi furfura a aji mai yara saba'in, inda yawancinsu da C'lela, harshen ƙasar, suke tunani, Hausarsu ta kasuwa ce, littafinsu da Hausar Kano yake magana, malaminsu kuma Bakabe. Ga 'ya'yan Fulani uku a lungu, ga 'ya'yan soja da aka haifa a barikokin kudu, su sai Turancin bariki. Da farko labarin kamun kifi da koma irin na Argungu yake karanta musu, yana jin daɗi shi kaɗai, yaran da suka tashi a kan dutse suna hamma. Bayan zakaran Yari, Malam ya sauya salo. Sai ya ce kowa ya ba da labarin yadda ake wani abu a gidansu, da bakin gidansu, na kusa da shi ya mayar Hausa, sannan a rubuta. Abin yana cin lokaci ba kaɗan ba. Manhaja ba ta taɓa ƙarewa a hannunsa ba, masu duba makarantu sun rubuta hakan sau uku, shi ma ya daina ba su haƙuri. C'lelarsa har yau ba ta wuce gaisuwa da "ku yi shiru" ba, kuma duk ranar da ya gwada, aji sai ya tashi da dariya.

Golmo ya ragu yanzu, amma a ƙauyukan kan dutse bai mutu ba. Bana ya faɗa kan Francis, ɗan aji shida, wanda ya taɓa cika shafi huɗu a kan yadda ake jera kunya a gangare don kada ruwa ya kwashe ta. Malam bai taɓa samun mai rubutu irinsa ba. Da ruwa ya sauka, kujerarsa ta zama wurin ajiye jakunkuna. Shugabar makaranta, Madam Alice, ta kira Malam ofis.

"Mako biyar bai zo ba. Ranar Juma'a zan cire sunansa daga masu jarrabawa."

"Ranki shi daɗe, yana gonar surukinai."

"Na fi ka sanin inda yake, Malam, ni ma an yi mini golmo. Ka kawo mini shi ko kwana biyu a mako, in bar sunan. In ba haka ba, ba ruwana."

Ranar Laraba bayan an tashi Malam ya tura babur ya hau dutse. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina son hawa. Surukin, Baba Haggai, tsohon soja ne, yana zaune ƙarƙashin ɗorawa da rediyo a cinya, yana kallon samari shida a gonar dawarsa. Francis ya hango malaminsa, ya ƙara sunkuyawa.

Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi gwiwa. Da a ce shekarun baya ne, da Malam ya fara da amfanin ilimi. Yanzu ya san ba a zuwa gonar mutum a ce masa al'adarsa ce ta tare hanya. Ya yabi kunyoyin, ya ce bai ga masu kyansu ba tun daga Zuru. Sannan ya ciro takardun nan huɗu ya karanta wa tsohon, a hankali, har da inda Francis ya rubuta cewa surukinsa ne ya koya masa barin hanyar ruwa a tsakiya.

Baba Haggai ya kashe rediyo. "Shi ya rubuta wannan? Wannan da ko gaisuwa sai an matsa masa?"

"Shi ne, Baba. In bai zauna aji ba, jibi za a cire shi."

"In na sake shi, mutane su ce ɗiyata Sandra ba ta kai a yi mata noma ba."

"Ban ce ka sake shi ba. Safiya biyu nika roƙo. Shekarunai su tsaya yadda kuka yanke."

Tsohon ya juya ya kalli gonarsa. Can ya ɗaga murya ya faɗi wani abu da C'lela, samarin suka kwashe da dariya, ban da Francis.

"Talata da Alhamis," in ji Baba Haggai. "Ranar Asabar ya rama. Ya faɗi jarrabawa kuma, kai da shi."

Malam ya yi godiya, ya naɗe takardu, ya miƙe da ƙyar. Yana fama da babur, tsohon ya kira shi.

"Baban Amarya! Ga shi fa ka sake kwashe mini manomi. Wannan karon akwai ɗiyar, ko har yanzu zakara za a yi asara?"

Malam ya share zufa da hularsa.

"Baba, ni ma shekara ashirin da ɗaya nika yi muku golmo a garin ga, ko ƙofar ɗakin amarya ba a gwada mini ba. Ka ce su zo su tura mini babur."