Ranar da Na Faɗi Sunan Malam

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, wannan abu ɗaya zai bar mini shi. Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, 'yata tana rubutawa.

Marigayi mijina malamin firamare ne, muna haya a Badarawa. Yana da furfura aka ce duk malamin da bai ƙaro karatu ba za a sallame shi. Akwai kwas da ake yi a kwaleji lokacin dogon hutu, da damina, amma albashinsa ba zai ɗauka ba. Sai ya ji wata ƙungiya na ba manya tallafin karatu, ya cike fom.

Wata Talata yana makaranta, wani ma'aikacin ƙungiyar ya yi sallama. Ya ce an turo shi ya tabbatar mai neman tallafin a nan yake zaune.

"Hajiya, yaya sunan maigidan?"

Na ce, "Malam."

"Wane Malam? Layin nan kowa Malam ne."

"Ɗan nan, kai ka karanto, ni in ce e."

Ya ce ƙa'ida ta hana, don wasu na ba da adireshin da ba nasu ba. Ni kuwa a Katsina aka raine ni, inda mace ba ta kama sunan miji. Shekara talatin ban taɓa ba. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Ya jira, ya gaji, ya rubuta wani abu ya tafi.

Da Malam ya dawo na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ture tuwonsa. Wannan turewar ta fi mini zagi ciwo.

Washegari ana ruwa na ɗauki lema, na hau Keke, ina tambaya har na sami ofishinsu a Unguwar Sarki. Na tsaya gaban teburin mutumin, mutane cike, na faɗi sunan da ƙarfi, har da na mahaifinsa. Wata mata ta ce, "Kai, Baba, ai ko kurma ya ji!"

Aka ba Malam tallafin. Da ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har da hawaye. "Shekara talatin ina son jin yadda sunana yake a bakinki, sai ga baƙo ya riga ni. To, maimaita mini." Na rufe fuska na ce sai wata rana.

Damina uku ya yi yana zuwa kwas, ya gama, aikinsa ya tsira. Shekara biyu bayan nan ya rasu. Waccan wata ranar ba ta zo ba, kuma har yau in na tuna sai na yi kuka.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma kada ta sa ka hana naka abin da ka iya ba baƙo. Yanzu kullum bayan sallah ina kiran sunansa cikin addu'a. Allah ya jiƙansa, ya kai masa wannan kiran.