Wasa Biyu a Rana Ɗaya: Abin da Aka Yi wa Yaya Auwalu Bahago

Yau da safe labarin ya same ni a bakin titi, ina jiran motar Vom zan tafi aiki. Wayata ta yi ƙara, na ga lambar Yaya Auwalu, na ɗauka ina murmushi don na zaci tsokanar da ya saba ce. Sai na ji muryar matarsa. Ta ce, "Nura, yayanka ya cika."

Ban san lokacin da na zauna a bakin kwalbati ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. In ban rubuta wannan yau ba, gobe za a gyara labarin a mayar da shi wani abu dabam.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Auwalu Bahago ɗan wasan tanis ne. Ba irin masu zuwa kulob da yamma don rage tumbi ba. Tanis ce sana'arsa. Da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da iyalinsa, da ita ya zaga garuruwan ƙasar nan yana ɗaga sunan Jos. Da hagu yake riƙe raket, shi ya sa sunan ya bi shi.

Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Abokin wasana ne a wasan bibbiyu, shekara da shekaru. Ya girme ni nesa ba kusa ba.

Duk wasan da muka faɗi, kafin in buɗe baki zai ce laifinsa ne. Ko da kuwa kowa ya ga ni na zubar da ƙwallon a raga.

Yana da wata tsohuwar mota da ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai ta waje. In an tashi daga fili sai ya cika ta da 'yan wasa, ya bi Tudun Wada yana sauke mutane ɗaya bayan ɗaya, kowane tsayi sai ya fito da kansa ya buɗe ƙofar. Gidansa kuwa a Kabong yake.

Ranar da matata ta sha wuyar haihuwa aka ce ana neman jini, ban kira shi ba. A fili ya ji. Ina tsaye a barandar asibiti sai na gan shi ya fito daga wani ɗaki da auduga a gwiwar hannu, da gajeren wandonsa na wasa. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Tun safe nake ganin rubuce-rubucen ta'aziyya, kowa yana cewa ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ba ƙarya ba ne. Amma ba a faɗi yadda aka yi jinyar ta samo asali ba, ni kuwa a gabana aka yi komai.

Yaya ya haura arba'in da daɗewa. Tun bara ya ce ya daina wasan ɗai-ɗai, domin agararsa ta hagu ta fara yi masa gargaɗi. In ya yi wasa mai tsawo, washegari da ɗingishi yake zuwa masallaci. Ya koma koyarwa a kulob, sai bibbiyu da muke taɓawa jefi-jefi.

Da damina aka shirya wata gasa a garin nan. Shugaban gasar, wanda ba zan kama sunansa ba, ɗalibin Yaya ne. Yaya ne ya koya masa yadda ake riƙe raket. Shi ya tako har Kabong, ya zauna a tabarma, muka ci tuwo kwano ɗaya. Ya ce masu ɗaukar nauyin gasar sunan Bahago kawai suka sani a Jos, in babu hotonsa a fosta za su janye. Ya roƙa, ya sake roƙo.

Yaya ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kada a sa shi wasa biyu a rana ɗaya. Ƙafarsa tana buƙatar ta kwana kafin ta sake ɗaukar wani wasan.

Mutumin nan ya dafa ƙirji ya ce, "Haba oga, ko ba ka faɗa ba. Ni ne fa."

Da kunnena na ji.

Aka fara gasa lafiya. Yaya yana cin wasanninsa a hankali, da dabara, ba da gudu ba. Mutane suka riƙa cika fili, har da dattawan da rabonsu da kallon tanis an daɗe. Sai a tsakiyar mako ruwa ya sauko, irin ruwan Jos da ba ya jin roƙo. Wasanni suka taru.

Kowa ya san abin da ake yi in haka ta faru. A ɗaga fainal daga Asabar zuwa Lahadi, shi ke nan. Filin yana nan, 'yan wasa suna nan. Amma an ce babban baƙon da zai miƙa kofi jirginsa na yammacin Asabar ne, kuma an riga an kira masu ɗaukar hoto.

Ranar Alhamis da yamma sai ga sabon jadawali a guruf ɗinmu na waya. Bahago zai buga da safiyar Juma'a, in ya ci kuma ya buga wasan kusa da na ƙarshe bayan an sauko daga masallaci. Duka a filin can na ƙarshe, wanda ruwa ke kwanciya a gefensa. Shi kuwa saurayin da aka gayyato daga wani gari, wanda ake so ya ɗaga kofin, an riga an bar shi ya gama wasanninsa da wuri a fili mai kyau. Juma'ar nan hutawa zai yi.

Wato wanda ƙafarsa ke da lafiya aka ba hutu.

Wasan safe ya yi tsawo, sai da aka kai set na uku, wato zagayen ƙarshe. Yaya ya ci. Da ya fito ya zauna a benci ya tsoma ƙafar a bokitin ƙanƙara, na ga yadda yake cije leɓe. Na ce masa mu je mu yi magana.

Muka sami shugaban a ƙarƙashin rumfa. Davou, wanda zai kara da Yaya da rana, shi ma ya biyo mu. Da bakinsa ya ce shi ya yarda a kai wasan gobe, ba ya son ya ci baba a gajiye. 'Yan wasa biyu sun amince. Alƙalin wasa ya ce shi ba shi da matsala. Saura mutum ɗaya.

Shugaban bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce jadawali ba a hannunsa yake ba, alhali kowa ya san shi ya tsara shi. Ya ce ko dai a buga, ko a janye. Da Yaya ya tuna masa maganar da suka yi a gida, sai ya ce ai lokacin ba a san za a yi ruwa ba. Sannan ya ƙara da cewa 'yan kwamitin kulob suna wurin, kuma suna lura da wanda ke ba da haɗin kai.

Kwamitin nan shi ke da ikon barin Yaya ya ci gaba da koyarwa a kulob ko ya sallame shi. Yaya ya gane. Ni ma na gane.

Na san wasu za su ce me ya hana shi janyewa. Ni ma na roƙe shi a hanyarmu ta masallaci. Ya ce mutane sun bar kasuwanninsu sun zo saboda shi, kuma yana da iyali. Ya ce zai lallaɓa.

Ya ci set na farko. A na biyu Davou ya ajiye masa ƙwallo kusa da raga, Yaya ya zabura zai kai mata. Muka ji wata ƙara kamar an karya busasshen kara. Ya waiwaya baya yana neman wanda ya shure shi. Babu kowa a bayansa. Sannan ya faɗi.

Agarar ce ta tsinke.

Davou ya yar da raket ya tsallake raga, shi ya fara kai masa. Babu likita a wurin, babu motar asibiti. Mu muka ɗauke shi a hannu muka sa a motarsa, ni na tuƙa. Muna fita daga ƙofa ina jin lasifika tana kiran wasa na gaba.

Ranar Asabar aka yi fainal a kan lokaci. Baƙo ya miƙa kofi, aka yi hotuna, ya sami jirginsa. An ce min a jawabi har an gode wa tsohon gwarzonmu, aka tafa.

Aka yi masa tiyata, aka ɗaure ƙafar a filasta, ya dawo gida ya zauna. Mutumin da bai iya wuni ɗaya ba tare da ya yi gumi ba. 'Yan wasa sun yi ta zuwa. Davou kusan kullum sai ya leƙo. Shugaban gasa ya turo saƙon murya sau ɗaya, ya ce yana tafe. Matar Yaya ta gaya min duk lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya ce a duba ko shi ne.

Bai zo ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Lahadin da ta wuce ce. Na kai masa kindirmo daga Vom, don yana sonsa da gari. Na same shi a baranda, ƙafar a kan kujera 'yar tsugunne, yana naɗa sabon ƙyalle a mariƙin raket ɗin wata ɗalibarsa. Ya ce ƙafar ta ɗan kumbura, amma cikin makon nan za su koma ganin likita. Muka yi hira, muka yi dariya, ya tsokane ni a kan sabis ɗina, bugun fara wasa, da har yau bai gyaru ba.

Da na tayar da zancen mutumin nan, raina a ɓace, sai ya ajiye raket ɗin.

Ya ce, "Nura, da baƙo ne ya yi min haka, da sai in ce bai san ƙafata ba. Amma shi ya san ta. Shi yake ɗaure min bandeji a da."

Sannan ya ce kada in yi faɗa da shi, shi ya yafe. Abin da yake so kawai, in 'yan wasa sun zauna taro, a tsaya a kan cewa kada a sake sa wani mai shekaru wasa biyu a rana, ko wane ne zai hau jirgi.

Da zan tafi ya ce in gaida mai sunan mamana, 'yata da aka haifa ranar nan ta asibiti.

Yau bayan ya idar da sallar asuba a zaune, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya riƙe, numfashi ba ya isarsa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe huhu, kuma hakan yana faruwa bayan irin wannan rauni da dogon zama.

Na yi imani kwanansa ne ya ƙare. Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma jadawalin nan ba daga sama ya sauko ba. Mutum ne ya zauna ya tsara shi, bayan ya ci tuwon gidan wanda zai saka a ciki.

Kafin a yi wa Yaya wanka, shugaban gasa ya riga ya sa hotonsu tare a shafinsa, sun rungume juna, ya rubuta cewa ya rasa uba. A wurin jana'iza yana sahun gaba. Yau dai ya gane hanyar Kabong. Ya miƙo min hannu, na karɓa saboda abin da Yaya ya ce.

Davou kuwa yana can bakin ƙofar maƙabarta, ya haɗa kai da bango. Ya ce min da bai ajiye ƙwallon nan kusa da raga ba, da baba yana nan. Na riƙe shi na ce wasa ya buga, kuma shi ne ya nemi a ɗaga. Wanda ba shi da laifi shi ke ɗauke da nauyin.

'Yan'uwana 'yan wasa, musamman ku da furfura ta fara fito muku, taronmu na gaba ba zan yi shiru ba. Ina fatan ba ni kaɗai zan miƙe ba.

Ya Allah, ga bawanKa Auwalu ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ka dubi matarsa da 'ya'yansa, Ka zama gatansu.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. In kun yi, ku haɗa da ni. Shi ya yafe kafin ya tafi. Ni har yanzu ban iya ba.