Gaisuwar da Na Ɗaura wa Maɓalli

Shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, ba tafiya ce ta fi ci masa rai ba, riƙe biro ne. Shi ne sakataren wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Gude tun ina firamare, kuma ba ya shiga magana a wasiƙa sai ya gaishe ka, ya gaida iyalinka, ya tambayi shanu da damina. Da hannun ya ƙi, aka fara ƙus-ƙus ɗin a nemo wani.

Ni kuwa malamin makaranta ne a Gwarzo, mai ji da kansa a harkar kwamfuta. Na kai masa tsohuwar laftof ɗina, na yi masa abin da ake kira makiro: ka buga dogon rubutu sau ɗaya na'ura ta haddace, daga nan maɓalli guda ne zai zubo maka shi. Kowane dattijo na ware masa maɓallinsa. Baba yana faɗar gaisuwar, ni ina bugawa. Ta shugaban ƙungiya, wani Alhaji amininsa a Kabo, ta fi kowacce tsawo, har da cewa, "Yaya Hajiya da ƙafar? A gaya mata ina nan zuwa shan furarta."

Da yatsa ɗaya na hagu Baba ya ci gaba da aikinsa. Ƙus-ƙus ya mutu, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Bayan wata takwas Hajiyar ta rasu. Sai da aka ɗauki Baba a mota ya je jana'iza, ya yi kwana uku a zaman makoki. Ban tuna da maɓallin ba, wallahi ko sau ɗaya.

Da taron rabon taki ya matso, Baba ya danna maɓallin Alhaji, ya ƙara layi biyu, aka kai shago aka buga. Idonsa ba ya jure hasken allon, bai karanta ba. Alhaji kuma ba ya karatun boko, a gaban jama'a ake karanta masa wasiƙa. Mai karatun bai ankara ba sai da ya kai kan furar. An ce Alhaji ya miƙe ya shige gida ko takalmi bai saka ba.

Da labari ya iske ni, na taho gida ranar Juma'a. Na ce, "Baba, laifina ne. Bari in je in yi wa Alhaji bayanin yadda na'urar take."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, "Ka je ka ce masa me? Ka ce wata takwas ba ni nake gaishe shi ba?"

Na san yadda ake goge makiro cikin minti ɗaya, amma hakan bai amfane mu da komai ba.

Ya ce in buɗe sabon shafi. Ya faɗa mini takardar ajiye aikinsa, ni kuma na buga masa ita harafi bayan harafi.