Filasta a Bakin Na'ura

Har gobe ban manta da ranar da Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta kama ni da filasta a hannu ba. Lokacin ba mu daɗe da dawowa Fatakwal bayan yaƙin basasa ba, kuɗin man fetur ya fara zuba, aka sayo wa asibitinmu na'urorin lura da majinyata sababbi fil, aka jera su a ɗakin masu tsananin ciwo. Kowane gado da tasa, kowace kuma da kukanta. Majinyaci ya yi tari, ƙiii. Ya juya, ƙiii. Mu kuwa muna ciki tun safe har la'asar.

In na koma gida a unguwar Diobu, kukan nan sai ya biyo ni. Wata rana butar shayi ta fara fito a kan risho, na zabura na cafke hannun maigidana zan duba bugun jininsa. Shi ya yi ta dariya. Ni ban yi ba, don a ranar na daka wa 'yata tsawa saboda kawai ta buga cokali a kwano, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Sai na samo dabara: na riƙa liƙa filasta a ramukan da ƙarar ke fita. Ana ji sarai, amma ba ta huda kai. Kwatsam shugabarmu, Metiron Saratu, ta shigo ta gani.

"Ladi! Wa ya ce ki toshe wa injin gwamnati baki? Gobe ki zo ki karɓi takardar tuhuma."

Takardar nan, ga wadda ba a tabbatar mata da aiki ba irina, sallama ce. Na russuna na ce, "Ranki ya daɗe, na yi laifi. Amma don Allah ki zauna da mu gobe da safe, ki koya mana yadda ake jurewa."

Washegari, kafin ta iso, na ɓare filastar kaf, na bar kowace na'ura yadda Baturen kamfanin da ya kawo su ya saita ta. Ga Alhaji Garba, dillalin shanu daga unguwar Trans-Amadi, a gado na biyu, tari ba ya barinsa. Awa ɗaya Metiron tana tsaye ƙyam, tana yamutsa fuska. Ta fita, ta dawo har da murmushi. Na yi mata magana sau biyu, ko waiwaye. Da ta sunkuya za ta duba Alhaji, sai ga dunƙulen auduga ya faɗo daga kunnenta bisa bargonsa.

Alhaji ya ɗauka da yatsu biyu, ya ce a hankali, "Mama, in da saura a sam mini."

Takarda dai ba ta fito ba. Cikin makon aka kira injiniya ya rage ƙarar, aka kuma yarda mu riƙa fita shan iska bi da bi.

To ku sababbin shiga aikin jinya, ku sani mai jinya ma mutum ce, kuma babba ba ya gane wahalar ɗaki daga ofis. Metiron ba ta sake tayar da maganar ba har ta yi ritaya. Ni ma ban tayar ba. Sai dai duk ranar da za ta zo zagaye, nakan ajiye mata auduga a bakin tebur.