Nayden, Wanda Aka Tsinta

Tsohon da ke gabana a ofishin rajistar haihuwa na garin Pirot sai murza hularsa yake yi. Rigar ulunsa ta koɗe, furfura ta cika masa haɓa.

"Sunan jikan naka?" in ji ma'aikaciyar.

"Nayden. Sunana zai ci."

"Haba Kaka, Tsintacce? A wannan zamanin?"

Ma'anar Nayden ke nan a yaren garin. Ni ma na kasa gane masa. A da ne masu wabi kan ajiye jariri a mararraba, mai wucewa ya tsince shi, wai don mutuwa ta ɗauka ba nasu ba ne. Yanzu ga asibiti, ga allura, me ya kawo wannan?

Ya ɗaga mata yatsu biyu.

"Yayyensa biyu muka binne, 'yata. Ke dai rubuta."