Fentin da Ya Fitar da Mu daga Bin Mahmud

Ko zan manta ranar da na fara sauka Doha, ba zan taɓa manta ranar da wani dattijo ya tsaya a tsakiyar falona da kwalbar mai a hannu, ya rasa inda zai shafa shi ba. Ni ce sanadi, kuma da farko har yabo na zauna ina jira.

Mun kama hayar gidan a unguwar Bin Mahmud 'yan watanni kafin korona ta rufe duniya. Na wani dattijo Balarabe ne, kuma tun daga falo har ɗakin kwana an lulluɓe bangon da katako. Silin katako, ƙofofi katako, kabad ɗin kicin katako. Wai sunansa fayin, itacen ƙasashen sanyi, mai launin zuma da baƙaƙen gaɓoɓi kamar idanu. Ranar da ya ba mu makulli, dattijon ya shafa bangon ya yi wa mijina doguwar magana da Larabci. Ban ji ba, ban kuma tambaya ba, ina can ina auna taga saboda labule.

Da aka kulle gari, mijina, wanda injiniya ne a wurin haƙar gas, aka tsare su a wurin aiki makonni a jere. Aka bar ni daga ni sai idanun bango. Ana saura kwana goma sha biyu Sallah yayata ta kira ni ta bidiyo daga Kano.

"Ke, tsaya, juya min wayar nan. Gida ne wannan ko shagon kafinta? Ba a gama ginin ba kuka tare?"

"Yaya, haka ake yayi a nan."

"Yayin me? Ko kes ɗin mai shayin bakin layinmu an shafa masa shuɗi. Don Allah kar ki ɗauki hoton Sallah a nan, a ce Qatar ɗin ma wahala kuka je sha."

Maganar ta zauna min. A wurinmu ai katako tsirara alama ce ta kuɗi sun ƙare kafin aiki ya ƙare. Na fara da rataya labule a inda babu taga, na jera furannin roba, na buga ƙusoshi na rataya duk hoton da na mallaka. Idanun nan suka ci gaba da leƙo ni ta gefe. Sai na yi odar fenti mai ƙyalli, fari tas na falo, ruwan hoda na ɗakin kwana. Kwana tara ina bisa kujera da buroshi. Hoton Sallah ya fita gwanin sha'awa, dangi suka yi ta sa albarka, kaina ya kumbura. Ni ga mai gyara wa Larabawa gida.

Mijina ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ya ce, "Inna lillahi."

Nan na ji fassarar maganar da na ƙi tambaya. Matar dattijon 'yar wata ƙasa ce mai duwatsu da sanyi. Da kewar gida ta dame ta, ya sa aka kawo katakon ta jirgin ruwa don ta riƙa jin ƙamshin garinsu. Bayan ta rasu ya kasa kwana a gidan, shi ya sa ya ba da haya.

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Ina zan san akwai mai kallon wannan bango ta yi tunanin ruwan hoda?"

Katakon ma bai yafe min ba. Da zafi ya shigo, ƙaron gaɓoɓin ya ratso fentin, idanun suka dawo ɗaya bayan ɗaya, wannan karon rawaya-rawaya kamar na mai shawara. Na ƙara shafi biyu, suka sake fitowa. Abin da ya rufa mana asiri kawai tsoron korona, wanda ya hana dattijon shiga gidan kowa kusan shekara biyu.

Sai gasar kofin duniya ta matso. Masu gidaje suka fara sallamar 'yan haya don su zuba 'yan kallo. Maƙwabtanmu na sama da na ƙasa duk suka kwashe kaya, kuma wanda ya fita ba ya samun ko kango. Mu shiru, ba a taɓa mu ba. Har na fara cewa addu'ata ce.

Wata Juma'a bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Dattijon ne, da ledar dabino da kwalbar man da ake shafa wa katako. Ya shigo da fara'a, ya ɗaga kai, fara'ar ta tafi. Ya bi farin bangon da kallo. Da ya yi magana, mijina ya fassara min yana kallon ƙasa.

"Ya ce sau uku dillalai suna zuwa kan ya ba 'yan kallo gidan. Ya ƙi, ya ce za su ɓata wa marigayiya matarsa bango. Ya ce musu yana da mutanen kirki a ciki, masu riƙon amana."

Da ma zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya tambaya ko akwai inda ya rage. Akwai: cikin kabad ɗin kicin, inda ƙiwa ta hana ni kaiwa. Dattijon nan ya durƙusa da ƙyar, ya ture tukwanena, ya zura kai ciki ya shaƙa. Ya zuba man a tsumma ya shafe wurin a hankali, ni kuwa ina tsaye hawaye na zuba. Ya miƙe ya ce, "Khalas." Wannan kam ba ta buƙaci fassara ba: magana ta ƙare. Wata guda ya ba mu mu tashi, ya kuma bar mana dabinon.

A unguwar Al-Sadd muka yi kallon gasar, a rabin falon da aka raba da falankin katako mai arha, duk ƙwallon da aka ci sai bangon ya girgiza da ihun maƙwabci. Yaya ta kira, ta leƙa bayana ta ce, "Katako kuma?" Na kashe wayar.

Tun daga nan na koyi cewa abin da idona ya gani kamar ba a gama ba, wataƙila shi ne duk abin da ya rage wa wani. Yanzu ko ƙusa zan buga a gidan mutane, sai na tambayi wa ya taɓa zama a ciki.